LAFIYA UWAR JIKI: Hazo biyu ne, na hamada da na hayaƙi

Hunturu ya shigo. An gama girbi, gero ya shiga rumbu, iska ta juya tana busowa daga arewa maso gabas. A Dungas, da Dogo-Dogo, da Guci, da Malawa, har zuwa Magarya, akwai ranakun da manomi zai tsaya a bakin gari ya kasa hango gawon da ke tsakiyar gonarsa. Rana takan fito fari fat kamar faranti, ana kallonta ba a runtse ido ba. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, yara na tari har asuba. Duk wanda aka tambaya sai ya ce hazo ne, lokacinsa ne, zai wuce.

Gaskiya ne zai wuce. Amma abin da jama'a ke kira hazo a yanzu ba abu guda ba ne, abu biyu ne suka gauraya. Akwai ƙurar hamada, wadda aka sani tun kaka da kakanni, ba kuwa mai ikon tsai da ita. Akwai kuma hayaƙin da mutane ke tayarwa da hannunsu, na murhu, da na babur, da na injin niƙa, da na juji. Wanda bai rarrabe su ba zai ɗora laifin duka a kan lokaci, ya naɗe hannu yana jiran bazara.

Daga ina ƙurar take zuwa?

Mafi yawanta daga arewacin ƙasar Cadi take tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, kusa da garin Faya. Shekaru dubbai da suka wuce wurin ƙasan wani babban tafki ne, wanda tafkin Cadi na yau ragowarsa ne kawai. Ruwa ya ƙafe, ya bar farar ƙasa mai laushi kamar garin rogo. Iska takan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta fito da ƙarfi kamar daga bakin zuga-zugi, ta ɗebi wannan gari ta yi sama da shi. Wajen kwana 100 a shekara ana wannan aiki. Jahar Damagaram na kan hanya, saboda haka tana cikin masu karɓar kason farko. Sauran ya wuce Kano, ya wuce bakin teku, wani ma ya tsallake teku ya sauka a dazuzzukan Amurka ta Kudu.

Yashin da ke shiga ido, mutum ya ji shi a haƙori, ba shi ne abin tsoro ba. Gashin hanci da majina na tare shi, atishawa ta fid da shi. Abin tsoro shi ne ƙurar da ido ba ya gani. Masana sun auna ta, sun ce sai an jera ƙwayarta wajen 30 kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Ita wannan ba ta tsayawa a hanci. Takan bi numfashi har can ƙarshen huhu, wata ma ta ratsa ta shiga jini. A shekarar 2020 masu bincike na jami'ar Stanford ta Amurka sun duba labarin haihuwa kusan miliyan ɗaya a ƙasashen Afirka, suka gwada shi da hotunan ƙurar Bodele da aka ɗauka daga sama. Sun tarar cewa inda ƙurar ta yi yawa, jariran da ke mutuwa kafin su cika shekara su ma sukan ƙaru.

Mutanen Dungas ba sa bukatar a je da nisa wajen nemo misali. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da sanƙarau ya kama a jahar Damagaram, 18 suka rasu. A cikinsu 342 ƴan gundumar Dungas ne, da rasuwa 6. Matamai na biye da 98, Mirya 72, Magarya 38. Wato fiye da rabin masu ciwon daga nan suke. Ciwon bai kuma tsaya a kan iyaka ba, an same shi a jihar Jigawa ta Nijeriya.

A nan akwai abin da ya kamata a gyara, domin wasu na cewa ƙura ce ke kawo sanƙarau. Ba ita ce ke kawo shi ba. Ƙwayar cutar a maƙogwaron mutane take zama, tana bi daga wannan zuwa wancan ta tari da atishawa da kwana a cunkushe, kuma da yawa na ɗauke da ita ba su sani ba. Aikin ƙura da busasshiyar iska shi ne su busar da cikin hanci da maƙogwaro, su tsattsaga shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa ciwon ke tashi da rani, ya kwanta da zarar ruwan sama ya sauka. Maganinsa na farko allurar rigakafi ce, kuma a 2024 Nijeriya da Nijar sun fara aiki da wata sabuwa mai kare mutum daga iri biyar na cutar. Duk ranar da masu allura suka iso gari, kada wani maigida ya ɓoye ƴaƴansa.

Wannan shi ne hazo na farko. Ana kare kai daga gare shi, amma ba a hana shi zuwa.

Hayaƙin da ba ya tashi sama

Na biyun fa? Mai karatu ya fita bayan gari da magariba a cikin watan ɗari, ya waiwayo ya dubi garin. Zai ga hayaƙin tuwon dare bai tashi sama ba. Ya kwanta bisa rufin ɗakuna kamar an shimfiɗa mayafi. Dalili shi ne, da dare ƙasa kan huce da sauri, iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi ta yi nauyi, mai ɗumi ta hau bisanta ta zauna kamar faifai a bakin ƙwarya. Duk abin da aka ƙona a ƙarƙashin wannan faifai nan zai tsaya, sai hantsi ya yi, rana ta ɗaga shi. A ƙaramin ƙauye abin da sauƙi. A babban birni, inda murhu dubu ɗari da mota dubu ɗari ke aiki lokaci guda, abin kan zama annoba.

Haka ya faru a Landan, babban birnin Ingila. Mutanen birnin da gawayin ƙasa suke jin ɗumi, da shi kuma masana'antunsu ke aiki. Daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952 aka yi sanyi mai tsanani, iska ta tsaya cik. Hayaƙi ya haɗu da hazo ya rufe birnin, har mai tafiya ba ya ganin ƙafarsa, motoci suka tsaya. Da abin ya yaye aka ƙidaya mutum wajen 4,000 da suka mutu. Binciken baya ya nuna adadin ya kai wajen 12,000, yawancinsu tsofaffi da jarirai da masu ciwon ƙirji. Mutanen Landan sun yi shekaru aru-aru suna ɗaukar wannan hazo a matsayin halin garinsu, kamar yadda ake ɗaukar hunturu a nan, har suna yi masa suna na wasa. Sai da gawa ta yi yawa suka yarda cewa aikin hannunsu ne. A 1956 aka yi dokar tsabtace iska, aka hana ƙona gawayi mai hayaƙi a unguwanni da yawa, sannu a hankali sararin birnin ya washe.

Landan na da nisa, amma Kano ba ta da nisa. Da an gama aikin gona samarin Dungas da Magarya kan bi ta Maigatari ko ta Ɓaɓura su tafi ci-rani. Wani ga-ruwa, wani mai shayi, wani ɗan dako, wani mai tura baro. Duk sana'o'in bakin titi ne. Mai shayin da ya kafa teburinsa a Bata ko Ƴan Kura tun asuba, hancinsa daidai yake da bututun hayaƙin motoci har dare. A Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari, in wutar lantarki ta ɗauke, sai janareta su tashi kusan a kowane layi. Ga masana'antun Bompai da Sharaɗa da Calawa, ga taya da ake ƙonawa wajen babbakar kai da ƙafa. A watan Janairu 2013 hukumomin Kano sun hana acaɓa saboda tsaro, sai A Daidaita Sahu suka cika gurbin. Duk wannan hayaƙi yana hawa ne a kan ƙurar hunturu, a daidai watannin da ɗan ci-rani ke birni.

Sai damina ta gabato ya dawo gida da ƴan kuɗi, da rediyo ko salula, da tarin da ba ya jin magani. Ya kama hauya ya ji numfashi na yanke masa tun kafin hantsi. A gida a ce sanyin birni ne ya kama shi. Duk tarin da ya wuce mako biyu, a kai shi gidan likita a auna majina, domin yana iya zama tarin fuka, shi kuwa yaɗuwa yake yi a cikin iyali. Wanda zai koma birni kuma, ya janye teburinsa daga bakin kwalta ko da taku ashirin ne, kada kuma ya kwana a shagon da janareta ke aiki a ciki ko a bakin ƙofarsa.

Dungas ma ta fara

Kada a ce wannan ciwon manyan birane ne kawai. A 2011 aka cire Dungas daga Magarya aka mai da ita gunduma, ƙidayar 2012 kuma ta sami fiye da mutum 350,000 a cikinta. Gari na girma, hayaƙinsa na girma tare da shi. Inda da jaki da amalanke ke kai mutane kasuwa, yanzu ƴan kabu-kabu ne. Man da ake zuba musu sau da yawa na kwalba ne, na bakin hanya, ba wanda ya san abin da aka gauraya a ciki. Babur ɗin da ba a canja masa baƙin mai a kan kari, ko wanda injinsa ya gaji, shi ne mai barin shuɗin hayaƙi a bayansa. Mai shi na ganin ya yi tsimi. Bai yi ba, domin hayaƙin nan mai ne da ya saya da kuɗinsa, ya fita bai ƙone ba.

Injin niƙa ma haka. Yawanci a cikin ƙaramin ɗaki ake kafa shi, ba taga, bututun hayaƙin gazuwal na huci a ciki. Su wa ke tsayawa a layi? Ƴan mata da yara, wata da goyon ƙanenta. Ƙara wa bututun tsawo a fid da shi ta saman rufi bai kai kuɗin niƙan kwana biyu ba.

Sai leda. Ranar 5 ga Nuwamba 2014 aka yi doka a Nijar wadda ta hana shigo da ledar nan marar kauri, da sai da ita, da aiki da ita. Wanda ya zaga kasuwa bayan ta watse zai gani da idonsa ko dokar ta iso. Akuya ta ci ta mutu, gona ta ƙi shan ruwa, saura kuma a tara a cinna mata wuta, sau da yawa da magariba, wato daidai lokacin da faifan nan ke rufe gari. Mafi muni, mata da yawa sun gano cewa leda na saurin kama wuta, suna hura murhu da ita. Hayaƙin leda da na roba da na tsohon takalmi guba ne. Kara da tattaka sun fi ta, ko da za a daɗe ana fifita.

Babban birnin hayaƙi yana cikin gida

Duk da haka, in za a faɗi gaskiya, iskar da ta fi kowace lalacewa a ƙasar Dungas ba a tasha take ba, ba kuma a kasuwa ba. Tana cikin ɗakin girki. Maigida ya shiga ya ɗaga kai ya dubi rufin. Baƙar kunkunniyar da ta lulluɓe azara da kara, ba daga waje ta zo ba. Abin da ya manne a sama ke nan. Sauran ya bi ta ƙirjin matarsa, da na jaririn da ke goye a bayanta, safe da yamma, shekara da shekaru. Mace ba ta taɓa shan taba ba, amma ta kai shekara hamsin da huhun mashayin taba, da ido mai zubar hawaye. Aka ce tsufa ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3 da dubu 200 a duniya, a cikinsu yara fiye da 237,000 waɗanda ba su kai shekara 5 ba. Ta ce kuma kusan rabin ƙananan yaran da ciwon huhu ke kashewa, wannan hayaƙi ne sila. Inda itace ya yi wuya aka koma kara da kashin shanu, hayaƙin ya fi yawa. Ɗanyen itace ma haka.

Da ɗari abin kan ninka. A toshe taga da tsumma, a saki labule, a shigo da kaskon wuta, mutum shida ko takwas su kwana a ɗaki ɗaya. Garwashin gawayi ba ya hayaƙin da ido ke gani, saboda haka ana ganin ba shi da illa. Alhali yana fid da wata iska marar launi marar wari, wadda ke hana jini ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Alamarta ciwon kai, da jiri, da amai, da nauyin barci. In aka wayi gari mutanen ɗaki ɗaya duk sun tashi da haka, ko wani bai tashi ba sam, sai a ce iskoki ne, ko a zargi tuwon jiya, ko a zargi kishiya. Kasko ne. A ɗumama ɗaki tun da sauran ido biyu, a fid da wutar waje kafin a kwanta, a bar ƴar kafa a buɗe.

Maganar ɗakin mai jego tana da nauyi, domin hannun iyaye mata ne, su kuwa alheri suke nufi. Amma jaririn kwana bakwai da aka kwantar a rufaffen ɗaki, ga wuta, ga turaren wuta, ga masu barka sun cika wuri, huhunsa bai kai tafin hannu ba. Ungozomomi da kakanni su ne za su iya gyara wannan, ba wani ba. Ɗumi daban, hayaƙi daban. Zane mai kauri da hula da jikin uwa sun ishe shi ɗumi.

To, mene ne a hannun jama'a?

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1980 aka yaɗa murhun zamani a ƙasar nan, na ƙarfe mai suna Mai Sauƙi da na laka mai suna Albarka. Na lakar ba ya cin ko dala, yumɓu ne da kashin jaki da ƙaiƙayi da aikin yini guda. Yana tare iska, wuta ta tsaya a gindin tukunya, itace ya ragu. A faɗi gaskiya, ba ya kawar da hayaƙi duka, rage shi yake yi. Saboda haka girki a fili ko a rumfa mai iska ya fi girki a ɗaki, in kuwa dole sai a ɗaki, a huda taga biyu masu kallon juna can sama. Jariri kuma a miƙa shi ga wani a inuwa har a sauke tukunya.

Abin da ke kawar da hayaƙin sosai shi ne iskar gas. Tun watan Nuwamba 2011 matatar mai ta SORAZ, da ke arewa da Damagaram a kan hanyar Tanut, ke fid da ita. A birni gidaje da yawa sun koma kanta. A ƙauye tukunyar farko na da tsada, wurin cikawa na da nisa, mata da yawa kuma na tsoron ta fashe. Waɗannan dalilai ne na gaske, aikin hukuma ne da ƴan kasuwa su kusanto da ita. Amma akwai gidajen da aka sayi babur na biyu, aka canja salula sau uku, uwargida na nan tana hura ɗanyen kara da bakinta. A irin wannan gida ba rashin kuɗi ne ba. Wanda ke riƙe da kuɗin ba shi ne ke shaƙar hayaƙin ba.

Game da ƙurar hamada, kakanni sun riga kowa. Amawalin rawani da lulluɓin mata ba ado kaɗai ba ne. Ba sa tare ƙurar nan mafi ƙanƙanta, amma suna rage mai kauri, suna kuma riƙe laimar numfashi. Ranar da hazo ya yi nauyi, a bar jarirai da tsofaffi da masu asma a ciki, a yayyafa ruwa kafin shara, a yawaita shan ruwa ko da ba a jin ƙishi. Manoman Magarya da Matamai da Mirya kuwa sun yi abin da duniya ta zo gani: tun daga shekarun 1980 suka daina tumɓuke toho a wajen sassabe, suka bar gawo ya tashi a gonaki, har wuraren da suka zama fili suka koma duhuwa. Gawo ba zai tare ƙurar Cadi ba. Amma yana karya iska, ya hana ta kwashe ƙasar gona ta watsa cikin gari, rassan da aka sassabe kuma in sun bushe sun fi kashin shanu a murhu.

Uwa ta lura da numfashin ɗanta. In yana tari, ta buɗe masa riga lokacin da yake kwance shiru, a ƙidaya numfashinsa na minti ɗaya da agogon salula. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya yi 60 ko fiye, akwai haɗari. Daga wata 2 zuwa shekara 1, iyakar 50 ce. Daga shekara 1 zuwa 5 kuwa, 40. In kuma ƙasan haƙarƙarinsa na faɗawa ciki duk sa'ad da ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono, ba a jiran gobe, ba a tsayawa wurin mai tallar ƙwayoyi. Haka nan zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura. A nufi gidan likita ko da dare ne.

Saura maganar juji, ita kuwa ta masu gari ce da masu unguwa da sarakunan kasuwa. Tokar murhu da kashin dabbobi da ɓawon gyaɗa taki ne, gona ke jiransu, amalanke ɗaya ta isa. Leda a ware ta daban a binne a rami can bayan gari, ta yamma maso kudu, inda iskar hunturu ba za ta maido da komai cikin gidaje ba. A nisanta ramin daga rijiya, da makaranta, da gidan likita.